Daga juji zuwa akushi: ɓarɓashin roba cikin kifin mahaɗar kogi da teku

Kogi kamar ayari yake: duk kayan da ya ɗauko a hanya, akwai zangon da zai sauke su. Zangon ƙarshe na manyan koguna shi ne wurin da ruwan daɗi yake gamuwa da ruwan gishiri na teku. Wannan wuri, wanda za mu riƙa kira mahaɗa, yana cikin wuraren da suka fi albarkar kifi a duniya, kuma miliyoyin mutane daga gare shi suke samun abin miya da abin kashewa. Amma tun da masana suka fara buɗe cikin kifin mahaɗa suna dubawa da madubi mai ƙara girman abu, sun yi ta tarar da wani baƙon abu wanda ba abinci ba ne. Wannan abu shi ne ɓarɓashin roba.

Mai karatu yana iya cewa, ina ruwanmu da teku, mu da ke nesa da shi? Ruwanmu da shi ta hanya uku ne. Kogin Isa, wanda ake kira Kwara, da ya ratsa ƙasarmu, teku yake dosa da duk abin da muka zuba masa. Kifin ƙanƙara da busasshen jatan lande da ake sayarwa a kasuwanninmu daga ƙasashen bakin teku suke fitowa. Ƴan uwanmu kuma da ke ci-rani ko kasuwanci a Legas, Kutanu, Abijan da Ankara, a gaɓar irin waɗannan ruwaye suke zaune, kifinsu suke ci safe da yamma.

Mene ne ɓarɓashin roba?

Roba ba ta ruɓewa yadda tsumma ko ganye suke ruɓewa. In aka yar da leda, rana ta gasa ta, iska ta yi ta jan ta, ruwa ya yi ta dukan ta, sai ta yi rauni ta kekkece; kowane ƙyalle ya sake rarrabuwa, har ta koma kamar tsaki, daga nan kamar gari. Ido ya daina ganin ta, alhali tana nan ba ta je ko'ina ba. Duk gutsuren da bai kai milimita 5 ba, wato bai wuce ƙwayar dawa ba, shi ne masana suke kira mikroplastik. Wani malamin jami'ar Filimas ta ƙasar Ingila, Richard Thompson, shi da abokan aikinsa ne suka yaɗa wannan suna a shekarar 2004, bayan da suka tarar da irin wannan ɓarɓashi cikin rairayin gaɓar tekun ƙasarsu.

Ba leda kaɗai ce tushensa ba. Akwai bido da bokiti da takalmin roba da suka tsufa. Akwai taru da igiyoyin masunta, waɗanda a yau kusan duka na nailan ne. Akwai tayar mota, wadda take cinyewa bisa hanya, ruwan sama ya kwashe garinta. Akwai kuma tufafin zaren roba: wani gwaji da aka yi a jami'ar Filimas a 2016 ya nuna cewa wanki guda na kilo 6 na irin waɗannan tufafi cikin injin wanki yana iya sakin silin zare fiye da 700.000.

Yawan abin ne ya sa ya zama abin tsoro. A 1950 robar da duniya duka ta ƙera ba ta wuce ton miliyon 2 ba. A 2015 ta kai ton miliyon 380. Wani lissafi da aka buga a 2017 ya nuna cewa tsakanin waɗannan shekaru biyu an ƙera ton miliyon 8.300, kuma cikin wadda ta zama shara, kashi 9 cikin 100 kawai aka sake sarrafawa, aka ƙone kashi 12, saura kashi 79 suna jibge a juji ko suna watse bisa doron ƙasa da cikin ruwa.

Yadda mahaɗa ta zama tarko

In kogi ya kusa teku sai ya buɗe, ya rarrabu, gudunsa ya ragu. A yawancin gaɓoɓi, sau biyu kowace rana ruwan teku yakan cika ya turo ruwan kogi baya, sa'an nan ya janye. Abin da kogi ya ɗauko sai ya yi ta kai da kawowa a wuri guda, kwana da kwanaki, kafin ya sami hanyar fita. Gishirin teku kuma yakan sa laka ta dunƙule ta kwanta ƙasa, ta tafi da ɓarɓashin roba tare da ita. Ko robar da ba ta da nauyi, in gansakuka ta lulluɓe ta, nutsewa take yi. Itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, waɗanda saiwoyinsu suke a sarƙe kamar raga, su ma suna tare abin da ya zo wucewa.

Ga kuma mutane. Da yawa cikin manyan biranen duniya a bakin mahaɗa aka kafa su, saboda tashar jiragen ruwa: Landan, Kalkata, Shangai, Duwala, Legas. Ruwan wanki da na kwata da na masana'antu duk nan yake gangarowa.

Abin takaici, wannan wuri shi ne gidan renon kifi. Ruwansa ba zurfi, akwai ɗumi, akwai abinci, akwai maɓoya. Kifaye iri-iri na teku a nan suke yin ƙuruciyarsu kafin su fita babban ruwa. Haka jatan lande da ƙaguwa. Wato inda datti ya fi taruwa, nan ne ƴaƴan kifi suke buɗe baki karo na farko.

Kifi yana haɗiye robar ta hanyoyi dabam-dabam. Mai kiwo a ƙasan ruwa, irin dangin tarwaɗa, yana kwasar ta tare da laka. Mai tace ruwa don ya sami ƙananan ƙwari, yana tace ta tare da su. Babban kifi yana samun ta cikin ƙaramin da ya cinye. An kuma gwada an gani a Amurka, a 2017, cewa robar da ta daɗe cikin teku tana ɗaukar ƙanshin gansakuka, har wasu ƙananan kifaye su riƙa bin wannan ƙanshi kamar yadda suke bin na abinci.

Abin da aka tarar

A arewa maso gabashin ƙasar Barazil akwai mahaɗar kogin Goyana. A 2011 masanan ƙasar suka ba da labarin abin da suka gani cikin kifaye iri uku dangin tarwaɗa: tsakanin kashi 18 da kashi 33 cikin 100, gwargwadon irin kifin, suna da roba a ciki, kuma yawancinta zaren nailan ne na igiyoyin su. Wato kayan aikin masunci ne suka koma cikin abin da yake kamawa.

A tashar jiragen ruwa ta Durban, a Afirka ta Kudu, an buɗe kifi 70 na wani iri mai kiwo cikin laka, aka ba da sakamakon a 2016: kashi 73 cikin 100 suna da roba, kusan gutsure huɗu ga kowane kifi. A mahaɗar kogin Tamis da ya ratsa Landan, rahoton 2017 ya nuna cewa wani kifi mai faɗi da ke kwanciya a ƙasan ruwa, har kashi 75 cikin 100 nasa suna da zaren roba a hanji, alhali wani iri mai yawo a tsakiyar ruwa kashi 20 ne kawai. Wannan ya nuna mana cewa inda kifi yake kiwo shi ke yanke yawan rabonsa.

A 2015 kuma wasu masana suka bar bakin ruwa suka shiga kasuwa. Sun sayi kifi a Makasar ta ƙasar Indunusiya da kuma jihar Kaliforniya ta Amurka. A Makasar kashi 28 cikin 100 na kifin suna da shara a hanji, gutsattsarin roba zalla; a Kaliforniya kashi 25, yawanci zaren tufafi. Kowace ƙasa irin sharar da take zubarwa ce ta komo mata bisa teburin mai kifi.

Kada a ɗauka ruwan daɗi ya tsira. A tafkin Biktoriya, wajen garin Mwanza na Tanzaniya, binciken 2016 ya sami roba cikin kifi ɗaya daga kowane biyar, giwan ruwa da karfasa, irin waɗanda masuntanmu suke kamawa a kogin Isa da tafkin Cadi.

Ɓarna ga kifi, asara ga masunci

Kifin da ya cika ciki da abin da ba ya narkewa yakan ji kamar ya ƙoshi, ya rage kiwo, girmansa ya tsaya. Gutsure mai kaifi yana iya ƙuje hanji. Bayan wannan akwai maganar guba, kuma iri biyu ce. Ta farko ita ce sinadaran da ake zubawa cikin roba tun a masana'anta don ta yi taushi, ko launi, ko ta ƙi kama wuta. Wasu daga cikinsu, kamar wanda ake kira bisfenol A, suna rikita aikin jiki da ya shafi girma da haihuwa, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana sa shi cikin kwalbar shayar da jarirai a 2011. Ta biyu ita ce gubar da ke cikin ruwa tun da farko, kamar maganin ƙwari na DDT, wadda take manne wa roba yadda maiƙo yake manne wa ƙwarya.

An gwada wannan a ɗakin bincike. A Amurka, a 2013, an ciyar da wasu ƙananan kifaye da robar da ta yi wata uku cikin ruwan wata tashar jiragen ruwa, sai aka ga hantarsu ta taɓu. A Faransa, a 2016, an sa ɓarɓashin roba cikin ruwan da ake kiwon kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo biyu da ake ci a can, na tsawon wata biyu: ƙwansu ya ragu da kashi 38 cikin 100, ƴaƴan da suka fito suka ragu da kashi 41. Gaskiya ne a irin waɗannan gwaje-gwaje akan zuba roba fiye da wadda ke cikin yawancin ruwaye a yau. Sai dai robar da ta shiga ruwa ba ta fita, kullum ƙaruwa take yi, saboda haka gwajin yana nuna inda aka dosa.

Akwai ma inda ɓarnar ta riga ta bayyana a fili. Shekara da shekaru, a rafukan da ke kewaye da birnin Siyatil na Amurka, wani irin kifin salmon da ke tasowa daga teku don yin ƙwai yakan mutu da yawa duk lokacin da aka yi ruwan sama. Sai a ƙarshen 2020 aka gano dalili: wani sinadari ne da ake sawa cikin taya don kada ta tsage, wanda yake rikiɗa ya zama guba, ruwa ya wanko shi daga bisa hanya. In gidan reno ya lalace, masuncin da ke nesa cikin teku shi ma zai ja taru ya ji shi sakayau.

Mai ci fa?

Nan ne ya kamata a yi magana da awo, don tsoro marar dalili shi ma cuta ne. Yawancin robar da kifi ya haɗiye a hanjinsa take tsayawa. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta bayyana cikin rahotonta na 2017 cewa cire kayan ciki yana kawar da mafi yawanta, kuma gubar da ke iya zuwa wa mutum ta wannan hanya kaɗan ce ƙwarai in aka gwada da wadda yake samu daga sauran abinci. Inda hankali ya kamata ya koma shi ne abin da ake ci ɗungurungum: ƙananan kifaye busassu, jatan lande da ake dakawa a zuba a miya, da kawa. A 2014 masanan ƙasar Beljik sun ƙiyasta cewa Baturen da ya fi cin kawa da danginta yana iya haɗiye gutsure 11.000 a shekara.

Kifi kuwa ba shi kaɗai ne ƙofar shigarta jiki ba. An same ta cikin gishiri, da ruwan kwalba, da ƙurar ɗaki. Wani bincike na ƙasar Birtaniya a 2018 ya nuna cewa zaren da ke faɗowa daga ƙurar gida bisa abinci lokacin da ake ci ya ninka wanda ake samu daga irin waɗannan halittu masu ɓawo sau da yawa. Wanda ya bar cin kifi don gudun roba ya bar abinci mai gina jikin yara da mata masu ciki, bai kuwa tsere wa robar ba.

Amma lalle tana shiga jikin mutum. A 2021 likitocin Italiya sun ba da labarin samun ta cikin mabiyiya huɗu daga cikin shida da suka duba. A 2022, a ƙasar Holan, an same ta cikin jinin mutum 17 daga cikin 22. A 2024 wasu likitocin Italiya suka bi lafiyar mutum 257 da aka yi wa aikin cire kitsen da ya toshe jijiyar wuya. Fiye da rabinsu an tarar da roba cikin wannan kitse, kuma cikin kusan shekara uku da suka biyo baya, haɗarin bugun zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko mutuwa, ya fi yawa gare su da ninki huɗu da rabi. Likitocin da kansu sun ce abin da suka nuna shi ne abubuwan biyu suna tafiya tare, ba su yanke cewa robar ce sanadi ba. Duk da haka, mai hankali in ya ga hayaƙi a rufin ɗaki ba ya jiran sai ya ga harshen wuta.

Rabonmu cikin wannan al'amari

Kogin Isa ya taso daga duwatsun ƙasar Gine, ya ratsa Mali, ya yi tafiyar wajen kilomita 550 cikin ƙasarmu, ya wuce Tilaberi, Yamai da Gaya, ya shiga Najeriya, ya haɗu da Binuwai a Lokoja, sa'an nan ya rarrabu rassa da yawa ya faɗa teku bayan tafiyar kusan kilomita 4.200. A Yamai, kwarin Gunti Yena yana kwaso sharar unguwanni ya zuba masa. Gulbin Maraɗi ma, in ya cika da damina, komawa yake yi Najeriya ya faɗa gulbin Rima, Rima kuwa ta Sakkwato take bi ta iske Isa. Ledar da aka yar a bakin gulbi ta kama hanyar teku ke nan, ko mai yar da ita bai taɓa ganin teku ba.

A 2017 wasu masanan Jamus sun lissafa koguna goma da suka ce su ne suka fi kai roba teku: takwas a Asiya, biyu a Afirka, wato Nilu da Isa. A 2021 wani sabon lissafi ya gyara wannan, ya nuna cewa koguna fiye da 1.000 ne suke raba laifin, kuma ƙananan kogunan da suka ratsa biranen bakin teku, irin Pasig na birnin Manila, sun fi manyan da suka taso daga nesa. Dalili kuwa shi ne robar da ta shiga dogon kogi takan maƙale a hanya: a gaɓa, cikin ciyawa, cikin fadama, ko bayan madatsun ruwa irin na Kainji da Jebba.

Wannan gyara bai wanke mu ba, ƙara kusanto da maganar ya yi. Robar da ba ta kai teku ba tana nan cikin ruwanmu, tana marmashewa inda karfasa da tarwaɗa suke kiwo, inda ake ban-ruwan shinkafa, inda dabbobi suke sha. Mahauta sun riga kowa sanin wannan, don sun saba fiddo dunƙulen leda daga tumbin akuya da saniya. Abin da ke cikin kifi ƙanin wannan ne, sai dai shi ido ba ya ganin sa.

Abin da ya kamata a yi

Ɓarɓashin da ya riga ya gauraya da laka babu rariyar da za ta tace shi daga kogi. Maganin yana tudu, kafin leda ta taɓa ruwa. Ƙasarmu tana da doka mai lamba 2014-63 ta ranar 5 ga watan Nuwamba 2014, wadda ta hana ƙerawa, da shigowa, da sayarwa, da amfani, da ajiye ledoji marasa kauri. Wanda ya shiga kasuwa ya san tazarar da ke tsakanin takarda da aiki. Ruwanda ta kafa irin wannan doka a 2008, Kenya a 2017, suka kuma tsaya a kanta a bakin iyaka da cikin kasuwa, har aka ga bambanci bisa titunansu. Jiran duniya kuwa zai daɗe: a watan Maris 2022, a Nairobi, ƙasashe 175 sun amince a rubuta yarjejeniya kan sharar roba, amma taron Busan na ƙarshen 2024 da na Janeba na watan Agusta 2025 duk sun watse ba a daidaita ba. Akwai dai Hukumar Kogin Isa, mai ƙasashe tara, wadda aka kafa a 1980 kuma mazauninta yake Yamai. Nan ne wurin da na sama da na ƙasan kogi za su iya haɗa kai.

Ga magabatan garuruwa, aikin farko shi ne ɗauke juji daga bakin kwari da gulbi, da yashe magudanun ruwa kafin ruwan farko ya sauka, don ruwan farko shi ke kwashe tarin sharar rani gaba ɗaya. Ga sarakunan ruwa da masunta, tsohon taru da igiya a fito da su tudu, kada a bar wa kogi. Ga masu banda, kada a hura wuta da leda ko taya, don hayaƙinsu guba ne da ke kama naman kifi kai tsaye. Ga uwargida, a cire kayan cikin kifi a wanke shi sarai kafin ya shiga tukunya. Ƙananan busassu kuma, in girmansu ya isa, a fasa su a kakkaɓe cikin, a ɗauraye. A rage zuba koko da miya mai zafi cikin leda, a ɗauki kwano a tafi da shi.

Ba da daɗewa ba ne iyayenmu suke zuwa kasuwa da kwando da ƙwarya, mai nama yana naɗe tsire a takarda, kuma babu wanda ya rasa abin ɗauko cefane. Ku da kuka karanta wannan, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba, a dandali da majalisa da wurin koyon karatu na manya. Kowa ya fara da ledar da ke hannunsa yau: ko ya ƙi karɓar ta, ko ya san inda zai ajiye ta, nesa da hanyar ruwa.